Mahayan daren hunturu a Arewacin Turai: wa ke gaba, me suka zo nema?

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce ka ga bidiyoyi da ke cewa mutanen Arewacin Turai sun yi imani da wata rundunar mahaya da ke keta sararin sama a tsakiyar hunturu, Odin, babban abin bautarsu na zamanin maguzanci, yana gaba a kan dokinsa mai ƙafa takwas, wai kuma daga nan aka samo Baban Kirsimeti da barewarsa takwas. Kana son sanin ko haka abin yake, da kuma al'adun da ke tafiya tare da wannan imani.

Rundunar dai akwai ta a bakin mutane, wannan babu tantama. Manoman Norwe sun ji tsoronta har cikin ƙarni na 19, suna kiranta Oskoreia, ko Julereia, ko wasu sunayen, kowane kwari da nasa. Amma in ka zauna ka karanta abin da manoman suka faɗa da bakinsu, da ƙyar za ka ci karo da Odin. Abin da za ka yi ta gani shi ne matattun da ba su samu kwanciya ba, da giyar bikin Kirsimeti, da dokin barga, da aikin gida da ba a gama ba. Labarin na cikin gida ne fiye da na sama, kuma nan ne masu bidiyon suka bar hanya.

Sai ka fara sa duhun a ranka. A Oslo, babban birnin Norwe, ƙarshen Disamba, hasken rana awa shida ne ko kusa da haka. A Tromsø, can arewa, rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A yankin Telemark, inda labarin mahayan ya fi ƙarfi, akwai garin Rjukan da ke cikin kwari mai zurfi, wanda duwatsu ke tare masa rana kusan rabin shekara, har sai da aka kafa manyan madubai a kan dutse a 2013 don su jefo haske tsakiyar gari. Gidajen manoma kuma ba a cure suke wuri guda ba. Gona ɗaya nan, ɗaya can gefen dutse, daji da ƙanƙara a tsakani. Abin da aka girbe da kaka, da naman da aka yanka aka yi wa gishiri, shi za a ci har ciyawa ta sake fitowa. Mutumin da ke zaune haka, in iska ta taso da dare tana jijjiga katakon rufi, yana da lokacin da zai saurara sosai.

A 1833 wani limamin coci mai suna Andreas Faye ya buga tarin almarorin da ya tattara a Norwe, kuma bayanin da ya kawo na mahayan shi ne wanda aka fi komawa gare shi. Su wane ne? Mutanen da laifinsu bai kai na wuta ba, kirkinsu kuma bai kai na aljanna ba: mashaya, masu neman rigima, masu zambo da habaici, 'yan ƙananan damfara. Hukuncinsu shi ne su yi ta sukuwa har tashin duniya. Dawakinsu baƙaƙe wuluk, idanunsu na ƙyalli cikin duhu, linzaminsu ƙarfe ne da ya yi jajur da wuta. Suna bi ta kan ruwa kamar yadda suke bi ta kan tudu, kofato da ƙyar yake taɓa ruwan. Tun daga nesa ake jin kacau-kacau ɗin kayan doki da ihun mahaya. In suka jefa sirdi a kan rufin wani gida, to akwai mutuwa a gidan.

Ga wurin da ya fi burge ni. In suka san za a yi shaye-shaye a wani gida kuma faɗa zai kaure, sai su sauka su zauna a kan katakon da ke bisa ƙofa, su yi tsit. Muddin ba a yi ɓarna ba, ba za ka ji motsinsu ba. Da zarar an zare wuƙa jini ya zuba, sai su fashe da dariya suna kaɗa ƙarafansu. Ka lura, ba su ne ke kisan ba. 'Yan kallo ne, sun zo ganin masu irin halinsu. A ƙauyukan da kowane namiji ke yawo da wuƙa a ɗamara, ga giya mai ƙarfi, ga biki na kwana da kwanaki, ba sai an yi maka dogon bayani kan wanda ake wa gargaɗi da wannan labari ba.

Wa ke gaba? Mace ce. Guro Rysserova ake ce mata, ta gaba kamar mutum, ta baya kuwa jelar doki gare ta. Masana sun danganta ta da Gudrun ta tsofaffin waƙoƙin jarumta, kuma a wasu ruwayoyin mijinta Sigurd na cikin ayarin, sai dai ya tsufa tukuf, har sai an buɗe masa fatar ido kafin ya iya gani. Jarumin da ya kashe macijin almara ke nan, manoma suka mayar da shi tsoho mai gyangyaɗi a kan sirdi. Wannan ya isa ya nuna maka cewa mutanen ƙauye ba bautar tsofaffin jarumai suke yi ba, tsokanarsu ma suke yi.

In ka haɗu da su a hanya, dabara ɗaya ce: ka zube ƙasa rub-da-ciki, ka yi kamar barci kake, wasu suka ce ka baje hannuwa kamar gicciye. Za su wuce ta kanka suna tofa maka yawu. In sun wuce ka tashi ka tofa naka, in ba haka ba cuta ta kama ka. Wanda ya tsaya ƙiƙam yana kallo kuwa, ana iya sure shi, a yi ta yawo da shi dare guda, a yar da shi a wata gunduma can nesa, in ya yi sa'a da ransa.

Abin da magidanci ya fi damuwa da shi bai kai nan ba. Abu biyu ne, doki da giya. Mahayan na shiga barga su ari doki, da safe a same shi jiƙe sharkaf da gumi, yana haki, kamar wanda aka yi tsere da shi. Suna kuma shiga ɗakin ajiya su shanye giyar biki. Maganin abin, kafin biki magidanci zai ɗauki kwaltar itace, irin wadda suke shafa wa jiragen ruwa, ya zana gicciye a ƙofar gida, da ta barga, da ta ɗakin ajiya, da jikin gangar giya. Sai ya kawo ƙarfe, gatari ko wuƙa ko lauje, ya soke a bisa ƙofar barga ko ya tura cikin hatsi. Har yanzu a wasu tsofaffin gine-ginen katako da aka adana a gidajen tarihi na Norwe za ka ga waɗannan baƙaƙen gicciye a jikin ƙofa, wani kan wani, na shekara da shekaru.

Kada ka ɗauki batun giyar da wasa. A wurinsu dafa ta wajibi ne na doka. Snorri Sturluson, marubucin Aislan na ƙarni na 13, ya ruwaito cewa Sarki Hakon Nagari, wanda ya tashi a fadar Ingila kuma ya mulki Norwe a ƙarni na 10, shi ya matsar da tsohon bikin hunturu na maguzawa, Jul, ya haɗa shi da lokacin Kirsimeti, ya kuma ce kowane gida ya dafa giya ko ya biya tara. Tsohuwar dokar Gulating ta yammacin Norwe ta ƙara tsananta abin: manomi da matarsa su dafa giyar Kirsimeti, a sa mata albarka don samun shekara mai yalwa da zaman lafiya. Wanda ya ƙi ya biya tara, wanda ya yi shekara uku a jere bai dafa ba ya rasa dukiyarsa. To gidan da aka wayi gari gangarsa ba komai, ba giya kaɗai ya rasa ba, mutuncinsa ne ya zube a gaban baƙi.

Lokacin haɗarin yana farawa ne daga daren 13 ga Disamba. A yau wannan rana ba ita ce mafi gajarta a shekara ba, amma a tsohuwar kalandar da Turai ke bi, wadda ke zamewa kaɗan-kaɗan daga lissafin rana, dare mafi tsawo ya faɗo wajen 13 ga Disamba a ƙarni na 14. Danmak da Norwe sun gyara kalandarsu a 1700, Suwidin a 1753, amma al'ada ta maƙale a tsohon wurinta. Daren na Lussi ne, wata muguwar mace da ke yawo da nata ayarin, musamman a yammacin Norwe da yammacin Suwidin. Aikinta duba-gari. Tana leƙa gidaje ta ga ko an gama sussuka, an gama kaɗi, an yi yanka, an ɗora giya. Inda ta tarar da lalaci sai ta fasa bututun hayaki, yaron da ba ya jin magana kuma ta bututun take saukowa ta ɗauke shi. An ce a wannan dare dabbobi na magana a barga, don haka ake ƙara musu abinci, kada su kai ƙarar mai gida. Wasu kuma ba sa barci sam, a kunna fitila a zauna har gari ya waye. Uwar gida da ke da masu aiki biyar da yara bakwai, ga biki saura kwana goma sha ɗaya, ba ta da mataimakiyar da ta kai Lussi.

To ina Odin? Yana nan, amma a kudancin Suwidin, musamman Småland. Can ana cewa "farautar Odin", sai dai ba runduna ba ce. Mahayi ɗaya ne da karnuka biyu, ɗaya mai babbar murya, ɗaya mai siririya, kuma yawanci ji ake yi, ba gani ba. Abin da yake bi mace ce ta daji, irin aljanar da ke ruɗar masu ƙona gawayi da mafarauta, kuma akwai labaran wanda ya ga mahayin na dawowa da ita rataye a kan doki. Masu zuwa coci da daren Kirsimeti kan sa gutsuren burodi da ɗan ƙarfe a aljihu: in karnukan ka fara haɗuwa da su ka jefa musu burodi, in mahayin ne ka jefa ƙarfen a gabanka. Wasu manoman kuma kan bar ɗan abin da suka girba a gona, su ce na dokin Odin ne. Wannan shaida ce ta gaske cewa sunan bai mutu ba ƙarnuka bayan shigar Kiristanci. Amma Odin ɗin nan ba sarkin alloli ba ne, wani la'anannen mafarauci ne da ya kasa sauka daga sirdi.

A Danmak kuwa sarki suka ɗora a kan dokin. Valdemar Atterdag, wanda ya mutu a 1375, yana da fada a Gurre da ke arewacin tsibirin Sjælland. Almara ta ce ya so wurin har ya furta cewa Allah Ya riƙe aljannarsa in dai za a bar masa Gurre, shi ya sa yake ta farauta a dazukan wurin da dare har yau. Kowace ƙasa da wanda take sa wa a gaba. Gurbin jagora a buɗe yake, kuma yawanci mai girman kai ake ba.

In ka koma tsofaffin rubuce-rubuce, abin ya ƙara fitowa fili. Waƙoƙi da ƙissoshin Aislan na da sun ba da labarin Odin da yawa, da dokinsa Sleipnir, har ɗaya daga cikin laƙabobinsa yana da alaƙa da bikin Jul, amma ba su kawo shi yana jan rundunar farauta a daren hunturu ba. Tsofaffin bayanai kan rundunar dare daga kudu suka fito, daga alƙalamin malaman coci. Wani ruhubani mai suna Orderic Vitalis ya rubuta cewa a daren 1 ga Janairu 1091 wani limami, Walchelin, yana dawowa daga duba mara lafiya a Normandi ta Faransa, sai ya ci karo da ayarin matattu. Ya gane maƙwabtansa da suka mutu ba da jimawa ba, ya ga malaman coci da barade ana azabtar da su, ya yi ƙoƙarin kama doki ɗaya ya ƙone, daga ƙarshe ɗan'uwansa da ya rasu ya tsaya ya roƙe shi addu'a. Wa'azi ne tsantsa a kan azabar bayan mutuwa. A Ingila kuma, ruhubanawan Peterborough sun rubuta cewa a 1127 an ga baƙaƙen mafarauta a kan baƙaƙen dawaki da bunsurai, su ashirin ko talatin, ana jin ƙahonsu da dare. Yaushe? Daga zuwan sabon shugaban da aka ɗora musu ba da son ransu ba, har zuwa Ista. Ba ma a tsakiyar hunturu ba ne, kuma kowa ya san wa suke nufi.

Wanda ya tattara waɗannan labarai mabambanta ya yi musu rumfa ɗaya shi ne Jacob Grimm na Jamus, a 1835. Shi ya ce duk tushensu guda, tsohon ayarin alloli ne da Kiristanci ya mayar na shaiɗanu. Zamanin kuwa na neman asali ne, kowace al'umma na haƙa tana neman tsohon abin alfahari. Mawaƙa da masu zane na Norwe suka karɓa da hannu biyu, suka fi son sunan Åsgårdsreia domin yana tuna Asgard, gidan alloli. A 1872 Peter Nicolai Arbo ya yi shahararren zanen nan da ke gidan tarihi na ƙasa a Oslo, mahaya tsirara-tsirara na ɓarkowa daga gajimare, Thor, abin bautarsu na tsawa, da gudumarsa a tsakiya, ana jan mata da gashi. Kusan duk bidiyon da ka gani wannan zanen ne a bayansa. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya yi bayani a 2014 cewa Grimm ya cakuɗa abubuwa daban-daban ne: ayarin matattu, da mafaraucin dare, da ayarin da mace ke ja. Ni ina tare da shi a mafi yawan wannan. Inda nake ja da baya kaɗan shi ne Småland, domin sunan Odin a bakin manomin da bai taɓa jin Grimm ba abu ne da ba za a share da hannu ɗaya ba.

Abin da ya ɗaure duka al'adun nan wuri ɗaya, a ganina, shi ne imanin cewa matattu na dawowa gida a wannan lokaci. A sassa da yawa na Norwe da Suwidin, daren Kirsimeti akan baza bambaro a ƙasa, mai gida da bara da yara duk su kwana a kai wuri ɗaya, a bar gadaje. A bar tebur da abinci da giya da kyandir a kunne, a wasu wuraren har ɗakin wanka a ɗumama. Na gida in sun zo, a karɓe su da mutunci. Mahayan su ne ɗaya fuskar: matattun da ba su da gidan zuwa, su ake zana wa gicciye.

Mutanen Aislan, da yake su da shari'a kamar jini da tsoka ne, har kotu suka kai matattu. Wata ƙissa da aka rubuta a ƙarni na 13 ta ba da labarin gonar Fróðá, wajen shekara ta 1000. Mai gidan da mutanensa suka nutse a teku, ba a ga gawarsu ba. Ranar zaman makoki sai ga su sun shigo, ruwa na ɗiga daga tufafinsu, suka zauna bakin wuta. Da fari aka ce alheri ne. Amma aka watse suka ci gaba da zuwa kowane dare, duk tsawon bikin Jul, har waɗanda annoba ta kashe suka biyo su suna kakkaɓe ƙasar kabari. Masu gida suka koma wani ɗaki suka bar musu murhu. Daga ƙarshe aka kafa kotu a bakin ƙofa, aka kira kowane mamaci da sunansa, aka tuhume shi da shiga gida ba izini, aka yanke hukunci. Kowanne ya miƙe ya faɗi 'yar maganarsa ya fita. Sannan limami ya yayyafa ruwan tsarki.

Mahayin da ya fi tayar wa 'yan Aislan tsigar jiki kuwa shi kaɗai yake tafe. Wani dikon, wato mataimakin limami, na cocin Myrká, a arewacin ƙasar, ya haye kogin Hörgá a kan dokinsa Faxi ya gayyaci budurwarsa Guðrún bikin Kirsimeti, ya ce zai zo ya ɗauke ta ran jajibere. A hanyar komawa ƙanƙarar kogin ta karye da shi, ta fasa masa ƙeya, ya nutse. Aka binne shi, amma kogin ya cika, labari bai haye ba. Ran jajibere aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta fito da sauri, hannu ɗaya kawai ta sa a rigar sanyinta, ta hau bayansa. Suna tsallake kogi dokin ya yi tsalle, hular mutumin ta ɗaga, wata ya fito daga gajimare, ta ga farin ƙashin kai. Da suka isa sai ta ga kabari a buɗe. Ta cafke igiyar ƙararrawar ƙofar maƙabarta ta yi ta kaɗawa, shi kuma ya fizgo ta ta baya, rigar da ba ta gama sawa ba ta yage ta bi shi, ya faɗa ramin da ita, ƙasa ta rufe. Gaggawar da ta hana ta sa hannu na biyu ita ta cece ta. Jón Árnason ne ya buga labarin cikin tarin da ya fitar a shekarun 1860.

Za ka ce, to me mutanen suke ji da gaske? An kawo guguwa, an kawo garken dinya masu ƙaura da ke wucewa da dare suna kuka kamar haushin karnuka, wanda ya yi daidai da karnukan Småland sosai. Amma giyar da ta ƙare da dokin da ya yi gumi, dinya ba ta yin wannan. A da, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara samari kan rufe fuska, su juya rigar fata gashi a waje, ɗaya ya ɗauki kan bunsuru a sanda, su bi gona-gona suna canza murya, ana ba su abinci da abin sha har a gane ko su wane ne. Julebukk ake kiran abin. In ka san tashe ka san rabin labarin, sai dai nasu da giya ake yi, kuma ba yara ba ne. A Finlan ma a da irin wannan yawo ranar 13 ga Janairu ake yinsa, su bi gidaje suna neman ragowar giyar biki, gidan da ya hana su ya ga ɓarna. Saurayin da ya ari dokin maƙwabci cikin dare ya je zance kwari na gaba, ya mayar kafin asuba, shi ma ba zai ƙi a ce mahaya ne suka zo ba.

Wani masani ɗan Ostiriya, Otto Höfler, ya ɗauki wannan ya yi nisa da shi a 1934. Ya ce almarar duka hoton wasu ƙungiyoyin asiri ne na mayaƙan Jamusawan da, masu sa fuskar matattu suna bauta wa Odin, kuma wai su ne tushen mulki. Ra'ayin ya yi wa 'yan Nazi daɗi, shi kansa ya yi aiki da cibiyar bincikensu. Masanin almara na Suwidin Carl Wilhelm von Sydow ya yi watsi da shi tun a lokacin. Cewa samari masu rufe fuska sun ciyar da labarin, wannan kam haka ne. Cewa sarƙa ce da ba ta tsinke ba tun zamanin maguzanci, babu hujjar da ta kai nan. Ina faɗa maka wannan ne domin ra'ayin Höfler na yawo a intanet har gobe ba tare da sunansa ba.

Batun Baban Kirsimeti gajere ne. Asalinsa Nikolas, bishop na Myra a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda al'adar ba yara kyauta da sunansa ta yi ƙarfi a Holan, sannan marubutan New York suka sake masa fasali a farkon ƙarni na 19. Barewa takwas daga wata waƙa ce da aka buga a jarida a garin Troy na jihar New York a 1823. Shekara biyu kafin nan, a wani ɗan littafin yara na 1821, barewa ɗaya ce tak ke jan keken. Takwas ɗin ba ta da haɗi da ƙafafun Sleipnir. Su mutanen Arewacin Turai ma, mai kawo musu kyauta a ƙarni na 19 bunsuru ne, shi ya sa har yau 'yan Finlan ke kiran Baban Kirsimeti da sunan bunsurun biki. Daga baya aka ba wani ɗan gajeren aljanin gona aikin, nisse a Norwe da Danmak, tomte a Suwidin. Shi wannan da can ba mai kyauta ba ne, mai karɓa ne. Ana ajiye masa kwanon fate da man shanu a barga daren Kirsimeti, kuma sanannen labari ne cewa wata baranya ta ɓoye man a ƙasan faten don tsokana, ya fusata ya kashe saniyar da ta fi kowace, ya dawo ya cinye faten ya tarar da man, sai nadama ta kama shi ya je ya sato saniyar maƙwabci ya mayar. Zane-zanen Jenny Nyström, daga shekarun 1880, su suka wanke shi suka mayar da shi mai fara'a da jar hula.

Haka aka yi ta rage wa sauran kaifi. A Aislan, tun 1746 hukuma ta fitar da doka tana hana iyaye tsorata yara da dodanniya Grýla da 'ya'yanta, kuma a yau 'ya'yan nan goma sha uku su ke sa wa yara kyauta a takalmi, ɗaya kowane dare daga 12 ga Disamba. Daren Lussi ya koma na Lusiya, waliyyiyar Sirakusa ta Italiya da aka kashe a 304: yarinya da farar riga da kambin kyandir a ka, tana rabon burodi mai za'afaran, al'adar da ta bazu ko'ina a Suwidin bayan wata jaridar Stockholm ta fara shirya jerin gwanonta a ƙarshen shekarun 1920. Bunsurun kuma ya zama na bambaro. A garin Gävle na Suwidin, tun 1966 ake kafa ƙato mai tsawon mita 13 a dandali kowace shekara. Na farkon an cinna masa wuta daren sabuwar shekara, kuma tun daga nan, duk da masu gadi da kyamarori da maganin hana kama wuta, shekarun da aka lalata shi sun fi waɗanda ya tsira yawa.